Abokin Kuka Ba A Ɓoye Masa Mutuwa: Jinyar Falke A Garwa A Shekarar Korona

Daga wakilinmu na Garwa

Jama'a 'yan'uwa fatake, dillalai da masu masauki, duk wanda ya daɗe a wannan sana'a tamu ya san ba kowane falke ne ajali ke tararwa a kan gadonsa ba. Mutum ya bar iyali a Katsina ko Azare ko Maraɗi, ya yi wata biyu wata uku tsakanin wannan kara da waccan, yau yana Adumri, jibi yana Ngong, mako mai zuwa ya bi tirela zuwa Mubi. In ciwo ya kama shi a hanya, matarsa tana nesa, ɗansa yana nesa, wanda ke kusa shi ne mai masaukinsa ko abokin cinikin da suka saba sa hannu a akushi ɗaya. Haka muka gada tun zamanin da ake kora shanu da ƙafa har Ikko.

Abin da muka saba yi a irin wannan hali sananne ne. A cika ɗakin majinyaci da 'yan dubiya, wannan ya kawo kunu, wancan ya kawo rubutu, wani ya zauna yana yi masa fifita. In Allah ya karɓi abinsa, a yi masa wanka da hannu, a ɗauki makara a kafaɗa, kara ta watse a raka shi maƙabarta, sa'an nan a shimfiɗa tabarmi kwana uku. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana. To, a shekara ta 2020 an ɗaure ƙafar. Annobar korona ta hana mu kusan duk waɗannan abubuwa, ta bar mu da ɓangaren abota mai nauyi wanda ba a cika gani a bainar jama'a ba, watau kai mutum asibiti ko ba ya so, da biyan kuɗin magani, da riƙe masa shanu, da fid da shi daga bashi. A kan wannan nake so in yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona tun ran 5 ga Mayu 2023, amma falke bai daina kwanciya ciwo a baƙon wuri ba.

YADDA AKA RUFE ƘOFOFI

Kafin ma a ji sunan cutar, hanya ta riga ta yi mana tsauri, domin tun watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ga kaya saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Ana cikin haka sai aka sami mutum na farko mai korona a Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020, aka sami na farko a Yawunde ran 6 ga Maris. Ran 17 ga Maris Firayim Ministan Kamaru Joseph Dion Ngute ya ba da sanarwar cewa daga washegari an rufe iyakokin ƙasa da na sama da na ruwa, an rufe makarantu, an kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Daga 13 ga Afrilu aka wajabta sa takunkumi. Mu da muka san takunkumi a bakin jaki da maraƙi, sai ga shi a bakin alhazai, aka yi ta dariya a kara. Dariyar ba ta daɗe ba.

Gaskiya ne Kamaru ba ta kulle mutane a gida ba kamar yadda aka yi a Ikko da Abuja da Kano. Kasuwar Pitowa ta ci gaba da ci ran Lahadi, motocin kaya suna wucewa zuwa Cadi. Amma me za ka yi da sa in babu mai yanka? An daina biki, otal-otal sun rufe, mahautan kudu da suka karɓi shanu bashi suka ce a yi musu haƙuri, naira kuma ta faɗi a hannun 'yan canji. Daɗin daɗawa, Nijeriya ta hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ba a kuma ɗage wannan doka ba sai 1 ga Yuli. Fatake da yawa da suka shigo Kamaru a farkon bazara suka maƙale, kuɗi a waje, shanu a daji, iyali a can.

Ɗaya daga cikinsu abokina ne. Saboda iyalinsa zan kira shi Alhaji kawai. Mutumin ƙasar Katsina ne, Mubi ce tasharsa, gidana kuwa shi ne masaukinsa a Garwa shekara 19. Ya ba sittin baya, yana fama da ciwon sukari, ga son shayi mai zaƙi. Ya shigo a makon farko na Maris, ya sayi shanu 34 a Adumri da Ngong, yawancinsu Gudali da 'yan jajaye na Bororo, ya ba wani makiyayi riƙo a bayan Pitowa. Da aka rufe iyaka, matasa da yawa suka hau acaɓa suka bi hanyar da kowa ya sani. Shi ya ce ba zai bar dukiyar mutane a daji ya tafi ba, zai jira kasuwar Babbar Salla. Tare muka yi azumi, tare muka yi Ƙaramar Salla ran 24 ga Mayu.

ZAZZAƁIN DA BA NA SAURO BA

A makon farko na Yuni ya tashi da zazzaɓi da ciwon jiki. Damina ta faɗi, sauro ya fito, kowa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya sha magani kwana uku. Zazzaɓi bai sauka ba. Ran na huɗu uwargidana ta aiko da miyar kuka mai daddawa, ya ɗanɗana ya ce yau Hajiya ta manta da daddawa. Ni kuwa tun daga zaure nake jin ƙamshinta. Rashin jin ƙamshi da ɗanɗano yana cikin alamomin da ake ta faɗa a rediyo. Na dube shi, ya dube ni, ba wanda ya ce uffan.

Ya kamata waɗanda ba su ga wannan lokaci a nan ba su gane dalilin da ya sa mutane suke ɓoye ciwo. Ba a tsoron mutuwa kamar yadda ake tsoron abin da zai biyo bayanta. Labari ya bazu cewa in aka ce korona ce, an raba ka da naka ke nan, in ka mutu kuma waɗansu masu fararen kaya ne za su jefa ka rami ba salla. Waɗansu suna cewa ai cutar ta Turawa ce da manyan Yawunde, zafin Garwa ma kaɗai ya isa ya ƙone ta. Alhali a watan Afrilu an yi ta binne dattawa a Kano, har daga baya Ministan Lafiya na Nijeriya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mamata 979 a 'yan makonnin nan, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce sanadinsu. Kano ma gari ne mai zafi. Alhaji da kansa ya yi ta'aziyyar mutum uku na Kano ta waya a cikin azumi.

Na mai da shi ɗakin da ke bakin zaure mai taga biyu, na ware masa kwano da buta, na hana yara shiga. 'Yan dubiya suka fara zuwa, na tsaya a ƙofa ina sallamar su. Wani dattijon dillali ya ce mini, "Kai Malam, yaushe aka fara hana Musulmi gai da mara lafiya?" Na ce, "Baba, in saniya ɗaya ta fara tari a garkenka, kana barin ta sha ruwa a kwami ɗaya da saura?" Ya yi shiru, ya yi addu'a daga waje, ya tafi. Mu fa masu shanu bai kamata a koya mana killacewa ba. Kowa ya san abin da ciwon huhu ke yi wa garke in aka yi sakaci, manyanmu kuma sun ga ɓarnar ciwon bushiya a shekara ta 1983. Malamai ma sun tuna mana da Sayyidina Umar, wanda ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can sai ya juya da jama'arsa, sahabbai kuma suka tabbatar masa da umarnin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na kada a shiga garin da annoba take, wanda ke ciki kuma kada ya fita gudun ta.

Abin da ya sa wannan cuta take yaudara shi ne, sau da yawa mako na farko da sauƙi-sauƙi, sai a mako na biyu ta sauka a huhu. Iskar da ke cikin jinin mutum tana raguwa shi bai sani ba, yana hira yana dariya. Wani ma'aikacin jinya maƙwabcinmu ya zo da 'yar na'ura da ake maƙala wa a yatsa. Ya ce mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, in ta sauka ƙasa da 90 to sai asibiti da iskar oksijin. Ran na bakwai Alhaji ya nuna 88. Ya ce shi ba inda za shi, a kawo masa zuma da habbatus sauda da citta. A lokacin kowa da maganinsa: wannan ya ce kulorokwin, wanda har gwamnati ta sa a tsarin jinya kafin manyan gwaje-gwaje su nuna ba ya hana mutuwa, wancan ya ce a aika Duwala a karɓo haɗin itatuwa na Akbishop Samuel Kleda, wani ya ce surace da ganyen darbejiya. Ban hana shi zumarsa ba. Amma na ce masa, "Alhaji, shekara 19 ban taɓa ɓoye maka farashi ba, yau ma ba zan ɓoye maka ba. Wannan ciwo ya fi ƙarfin zaure. Gobe da asuba za mu tafi, in ka ƙi in kira Hajiya da ƙanenka in gaya musu da bakina." Ya ce, "Maigida, kai ma?" Na ce ni ma.

DAREN DA AKA YI LISSAFI

A nan ne nake so 'yan'uwa su tsaya su saurara da kyau, domin nan ne abin ya shafe mu fiye da sauran mutane. Ma'aikacin gwamnati in ya mutu, albashinsa yana rubuce, gidansa yana da takarda. Falke kuwa ofishinsa yana cikin kansa. Miliyoyi suna yawo tsakanin Adumri da Mubi da Yawunde a kan tafa hannu da "Allah ya sa albarka". Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma namu hanjin ya fi na kowa tsawo, ya ratsa ƙasa uku da kuɗi iri biyu. Ran da mutum ya faɗi, ofishin ya rufe da makullinsa a ciki. Wanda yake bin sa bashi ba shi da shaida, wanda shi yake bi kuma sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ai mai littafin ya tafi. Mun sha ganin gidajen da suka yi shekara talatin ana zumunci sun rabu a gaban alƙali a kan kuɗin bijimi biyu. Ga shi kuwa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Muna karanta ta a azumi, mu fito kara mu tafa hannu.

Bayan sallar isha'i na sa aka fito da Alhaji tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, inda iska ke kaɗawa. Na kira limamin unguwarmu da wani dillali amintacce, kowa ya zauna nesa da takunkuminsa. Ɗana ya ɗauko littafi da biro, liman ya ɗauko takarda zai rubuta da ajami, na kunna wayata tana ɗaukar murya. Da Alhaji ya gane abin da ake shiri, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Maigida, ka fid da rai da ni ke nan?" Na ce, "Rai na Allah ne, Alhaji. In ka warke mu yaga takardar mu sha shayi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Liman ya ƙara masa bayani cewa mara lafiya in ya yi iƙirarin bashin wanda ba magajinsa ba, kuma babu tuhuma a ciki, shari'a tana karɓa, kyauta ce da wasiyya ba za su wuce sulusin dukiya ba. Ya yi shiru har muka zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "To, rubuta."

Sa'a biyu muka yi, domin yana faɗar jimla ɗaya ya tsaya ya nemi numfashi. Ya fara da abin da ake bin sa, ya ce wannan ne zai hana shi kwanciya. La'adar dillalai biyu a Ngong. Kuɗin makiyayi na wata uku. Jarin wata gwauruwa a Mubi da ta ba shi yana juya mata, riba a raba, ba wanda ya sani ko a gidansa. Sa'an nan kuɗin bijimai uku na wani Bororo da ya ba shi a Adumri ya ce in ya dawo daga mashekari ya karɓa. Ba takarda, ba shaida, ba lambar waya, sai suna da sunan uba da alamar da ke kunnen shanunsa. Bayan haka ya lissafa waɗanda shi yake bi: mahauci a Yawunde, fatake biyu a Mubi, wani ɗan canji. Ya faɗi wanne ne da sefa, wanne ne da naira, domin in ba a bambance ba nan ma rigima ce. Mutum ɗaya ya ce a yafe masa, talauci ne ya kama shi, kada a ko tuna masa. Da aka gama aka karanta masa, ya ce haka ne, shaidu suka sa hannu. Ya ce a kira masa Hajiya. Muka tashi muka ba shi wuri.

JINYA DAGA BAYAN KATANGA

Da asuba muka kai shi asibiti. Aka ɗauki majina daga hancinsa, sakamako ya tabbatar da abin da miyar kuka ta riga ta faɗa. Aka shigar da shi sashen da aka keɓe, aka ce mu tsaya nan. Daga ranar jinya ta koma aikin ƙafa da aljihu. Safe da yamma in kai kunu da farfesu a kwanon da ba za a dawo da shi ba, in karɓi takardar magani in bi kantuna, in sayi katin waya in tura masa. Akwai wata wahala da ba a cika tunawa da ita ba, ita ce ta harshe. Alhaji ba ya jin Faransanci, Fulatancinsa kuma na ciniki ne, ya iya taya sa amma bai iya cewa ƙirjina ya yi nauyi ba. Sai ya zama in likita ya zo zagaye, a kira ni a waya in yi tafinta daga ƙarƙashin bishiya. Ta haka na gaya masa su ce ya riƙa kwanciya rub da ciki, don bayan huhu ya sami iska. Ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa kwanciya kamar ƙadangare ba, amma ya yi.

Kuɗi suna fita kamar ruwa. Ban taɓa nasa ba, domin na riga na san na mutane ne a ciki. Na gaya wa Sarkin kara, aka zagaya da hula ran kasuwa, kowa ya jefa abin da ya samu. Waɗanda ke Mubi suka haɗa nasu suka ba ɗan canji, ya bugo wa ɗan'uwansa a nan ya ba ni sefa. Har wani mai sayen shanu Kirista daga kudu, wanda suka yi shekaru suna faɗa a kan farashi, ya turo nasa ta waya ya ce a sayo wa tsohon nan magani, bai gama cin bashinsa na gardama ba. Duk abin da ya shigo da abin da ya fita ɗana yana rubutawa. Wanda ya riƙe kuɗin jinyar wani ya rubuta ko na ruwan leda ne, saboda ranar da magada za su tambaya, kuma suna da hakkin su tambaya.

Da dare nakan kira shi. Da numfashi ya yi wuya ya daina iya amsawa, sai na koma tura masa saƙon murya, in ba shi labarin kara: nawa aka sayar da bijimin wane, wa ya yi asara, ruwa ya sauka a Pitowa, shanunsa sun fara murjewa. Wata ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata, ita take kunna masa a kunne. Ta ce in ya ji farashi yakan girgiza kai ko ya ɗaga gira. Iyalinsa kuma kullum sai sun kira ni sau biyar sau shida. Na ɗauki ƙa'ida, abin da likita ya faɗa shi nake faɗa musu, ba ƙari ba ragi. Mutanenmu sun saba da "da sauƙi" har ran da za a ce an rasu. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Da na ga abin ya yi nisa na gaya wa ƙanensa ya shirya Hajiya.

Ya yi kwana tara a ciki. Allah ya yi masa rasuwa da sassafe, ran wata Talata a tsakiyar Yuni. A makon nan ne masu bincike a Ingila suka ba da sanarwar cewa wani tsohon magani mai araha, deksametason, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. A rediyo na ji, ina zaune a zaure.

JANA'IZA DA TA'AZIYYA

Dokar lokacin ita ce wanda korona ta kashe a binne shi a garin da ya rasu ba da jinkiri ba, ba a ɗaukar gawa zuwa wani gari. Wannan ta fi ƙuntata wa 'yan'uwanmu na kudu, waɗanda suka saba ajiye gawa makonni kafin a kai ta ƙauye da taro. Mu dama da wuri muke binnewa. Abin da ya dame mu shi ne wanka da salla. Muka je da liman muka yi magana da jami'an lafiya cikin ladabi, ba hayaniya. Ashe abin da ake ta yaɗawa ya fi gaskiyar tsanani. Wani ma'aikaci Musulmi ya sa safar hannu ya yi masa taimama, kamar yadda fiƙihu ya tanada in wanka ya gagara, ya sa masa likkafanin da muka kawo, sa'an nan suka rufe shi a jakarsu. Mu goma sha ɗaya muka yi masa salla a maƙabarta, tsakanin kowa da kowa akwai tazara, aka kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Mutumin da in da lafiya ƙalau ne kara uku za su watse dominsa. Sallar gawa farilla ce da in waɗansu suka yi ta faɗi a kan saura, goma sha ɗaya sun isa. Amma ido ba ya jin fiƙihu, ya ga sahu ɗaya tak ya cika da hawaye.

Babban ɗansa ya kira yana kuka ya ce, "Baba, ko ƙasarsa ba za mu gani ba?" Na ce masa Garwa ta san wannan zafi tun kafin korona. Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, ɗan garin nan ne, ya rasu a Dakar ran 30 ga Nuwamba 1989, can kuma aka binne shi. Ƙasar Allah ɗaya ce. Na sa alama a kabarin, na ce duk ran da hanya ta buɗe zan kai shi da kaina. Suka tambayi ko su yi masa salla daga can. Liman ya ce a mazhabar Malikiyya ba a yi wa gawar da ba ta nan salla, balle an riga an sallace shi. Waɗansu mazhabobin sun halatta, suna kafa hujja da sallar da aka yi wa Najjashi sarkin Habasha. Aka bar su da malamansu.

Ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana ba. Mu kanmu aka ce mu zauna a gida kwana 14. Ta'aziyya ta koma waya, tun safe har dare, daga Mubi, daga Ngaundare, daga Marwa, daga Kusiri. Akwai waɗanda suka riƙa sauya hanya in sun hango zaurena, har mai kawo mana ruwa ya ɗauke ƙafa. Ban riƙe su a rai ba, tsoro halitta ne. Akwai kuma waɗanda kullum bayan magariba za a ji sallama, a fito a tarar da kwanon tuwo a bakin ƙofa, mai shi ya tsaya can nesa ya ɗaga hannu. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne lokacin shayi. Bisa lissafin hukuma, waɗanda korona ta kashe a Kamaru duka ba su kai 2,000 ba, wasu ma har gobe suna cewa ai ba ta yi kome ba a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 mutuwa ta ƙaru da wajen miliyan 14.9 a duniya, kusan ninki uku na abin da ƙasashe suka rubuta. Dattawan da aka binne da sunan zazzaɓi ko hawan jini ba su shiga littafin kowa ba.

Allurar rigakafi ta iso Kamaru a watan Afrilu na 2021, wata goma bayan Alhaji. Na je na karɓa. Abin mamaki, mutanen da kowace shekara suke jera shanunsu a yi musu allura, ga ɗakin binciken LANAVET nan a Bokle bayan gari yana haɗa rigakafin dabbobi tun shekarun 1980, ga ciwon bushiya da allura ta kawar daga duniya baki ɗaya har aka yi shela a 2011, su ne suka ce ba za a taɓa kafaɗarsu ba. Da yawa ba su miƙa hannu ba sai a Janairun 2022, da aka ce ba mai shiga filin Rumde Ajiya kallon Nijeriya da Masar sai da katin rigakafi. Ƙwallo ta yi abin da wa'azi bai yi ba.

SHANUN MARAYU

Daga ran da Alhaji ya rasu shanun nan 34 sun tashi daga nasa sun zama na masu bashi da magada, a cikinsu har da yara ƙanana. Mai masauki ba shi da ikon sayar da ko maraƙi don ya ga kasuwa ta yi kyau. Tsarin shari'a a bayyane yake: a fid da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Na tura wa ƙanensa da babban ɗansa hoton takardun da muryar daren nan, suka saurara a gaban malaminsu, suka wakilta ni ta waya da shaidu a ɓangarorin biyu. Muka bar shanun suka ci ɗanyar ciyawa har gab da Babbar Salla, wadda ta faɗo ran 31 ga Yuli, na sayar da 20 ga masu lodi zuwa Ngaundare inda ake sa su a jirgin ƙasa, sauran a Pitowa. Kowane ciniki da sunan dillali da la'adarsa a rubuce.

Mahaucin Yawunde ya biya a kashi uku. Ɗaya daga fataken Mubi ya ce shi ya riga ya biya Alhaji hannu da hannu tun kafin azumi. Aka kunna masa muryar, ya ji mamaci yana faɗar sunansa da adadin da ranar, yana tsayawa yana neman numfashi. Bai bari ta ƙare ba ya ce a kashe, zai kawo. Wani kuma ya ɓullo ya ce yana bin Alhaji kuɗin shanu biyar, ba ya cikin lissafi, ba shi da shaida; magada suka ce ya je gaban alƙali, bai sake dawowa ba. Gwauruwar nan ta Mubi, sa'ad da aka kai mata jarinta da ribarta, ashe ta riga ta haƙura, domin ta san ba wanda ya sani sai ita da shi.

Ɗan ya iso bayan Salla. Na kai shi maƙabarta, na damƙa masa littafin da ragowar kuɗi da carbin uban da agogonsa. Kuɗin bijimai uku kaɗai suka rage a hannuna, a ƙulle a leda da sunan mai su. Duk ran kasuwa sai na ba dillalan Adumri da na Ngong sallahu, in faɗi suna da sunan uba da alamar kunne. Sai a watan Nuwamba, da kaka ta yi makiyaya suka fara gangarowa, wani yaro ya zo ya ce an ga mutumin. Na same shi a gefen kara yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya jingina da sandarsa. Bai ji labarin rasuwar ba. Na gaya masa, ya tsuguna ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya karɓi ledar ya ƙirga a gaban shaidu biyu, ya ware kuɗin bijimi ɗaya ya miƙo mini, ya ce da Fulatanci a kai wa ƙaramin cikin 'ya'yan. Na sa ɗana ya rubuta a shafin ƙarshe, muka aika Katsina ta hannun ɗan canji a ranar.